Don mun ga hadari, kada mu zubar da ruwan randa: maganar ƙwayoyin tushe da ciwon sukari



Kwanakin nan wani labari yana ta yawo a wayoyinmu, daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, wai masana sun gano maganin ciwon sukari kwata-kwata, an gama da allura, an gama da ƙa'idar abinci. Wasu sun yi ta hamdala, wasu sun ce ƙarya ce irin ta intanet. Labarin dai yana da tushe. Akwai masana da suka shekara sama da ashirin a kan wannan aiki, kuma akwai mutanen da suka ajiye allurar insulin sanadin aikinsu. Sai dai yadda labarin yake isowa nan, an yanke masa kai da ƙafa, yana iya sa wani ya ajiye maganin da ke riƙe da ransa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware shi. Matsayinmu a bayyane yake: wannan bincike abin murna ne, amma yau a ƙasar Nijar abin da ke tsakanin mai ciwon sukari da kabari shi ne insulin, gwajin jini da likita, kuma a nan ya kamata mu sa ƙarfinmu.

Mu fara da ciwon kansa, don da yawa cikinmu ɗaya muke ɗaukarsa alhali iri biyu ne manya. A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira pankiriyas. A cikinta akwai ƴan dunƙule-dunƙule na ƙwayoyin halitta, waɗanda ake ce wa ƙwayoyin beta, su ne ke fitar da insulin. Shi insulin kamar mabuɗi ne: shi ke buɗe wa sukarin da muka ci a tuwo ko fura ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta kashe ƙwayoyin betan, jiki ya wayi gari babu insulin. Mai wannan nau'in, in bai samu allura ba, ba zai rayu ba. A nau'i na biyu kuwa, wanda ya fi kama manya kuma shi ne kusan tara cikin goma na masu ciwon, insulin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, daga baya kuma ya ragu. Ku riƙe wannan bambanci, don kusan duk gwajin da ake magana a kai a kan nau'i na ɗaya aka yi shi.

To mene ne ƙwayoyin tushe, waɗanda masu jin Faransanci ke kira cellules souches? Jikinmu an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kowace da aikinta: ta fata daban, ta jini daban, ta hanta daban. Ƙwayar tushe ita ce wadda ba ta riga ta kama sana'a ba. Kamar yumɓu ce a hannun mai ginin tukwane, in ta so ta yi tulu, in ta so ta yi kasko. Tunanin masana shi ne: tunda mai nau'i na ɗaya ƙwayoyin beta ya rasa, me zai hana a ɗauki ƙwayar tushe a sarrafa ta a ɗakin bincike har ta zama ƙwayar beta, a zuba masa?

Faɗin haka da baki sauƙi gare shi, amma ku dubi tsawon hanyar. A shekarar 1998 wani masani a Amurka mai suna James Thomson ya fara renon ƙwayoyin tushe na ɗan Adam a ɗakin bincike. A 2000, likitoci a garin Edmonton na Kanada, ƙarƙashin James Shapiro, suka dasa wa mutum bakwai ƙwayoyin beta da aka ɗebo daga mamatan da suka yi wasiyyar ba da gaɓoɓinsu, dukansu suka daina allura. Da shekaru suka tafi da yawa daga masu irin wannan dashe sun koma kan insulin, kuma gaɓoɓin mamata ba za su taɓa isar miliyoyin marasa lafiya ba. Amma an tabbatar da abu guda: in an mayar wa jiki ƙwayoyin, suna aiki. A 2006 Shinya Yamanaka na ƙasar Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar tushe, a 2007 ya yi haka da ta mutum, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Wannan ya buɗe wata hanya ga masu ƙyamar a taɓa ƙwan ɗan Adam da aka haɗa a asibiti, wanda shi ne asalin ƙwayoyin da aka fara aiki da su, kuma malaman addinai daban-daban sun daɗe suna tattaunawa a kansa.

Sai kuma Douglas Melton na jami'ar Harvard. Shi mutumin nan binciken yadda kwaɗo ke girma daga ƙwai yake yi, sai aka gano ɗansa yana da ciwon sukari tun yana wata shida da haihuwa, daga baya ƴarsa ma ta kamu. Ya ajiye kwaɗi ya koma kan ciwon ƴaƴansa. Sai a 2014 shi da ɗalibansa suka bayyana cewa sun iya mayar da ƙwayoyin tushe su zama masu fitar da insulin da yawan gaske. Kamfanin da ya kafa domin wannan aiki, wani babban kamfanin magunguna na Amurka mai suna Vertex ya saye shi a 2019 a kan dalar Amurka miliyon 950, wato sama da miliyar 500 na kuɗin sefa. A 2021 aka fara zuba wa mutum na farko ƙwayoyin ta jijiyar da ke shiga hanta, inda suke zama su fara aiki. A watan Yunin 2025 aka fitar da sakamako: cikin mutum 12 da aka ba cikakken adadi, 10 sun kai shekara guda ba su bukatar allurar insulin.

Sin ma ba a bar ta a baya ba. A watan Satumban 2024 masanan jami'ar Pekin ƙarƙashin Deng Hongkui suka ba da labarin wata mace mai shekara 25 a birnin Tianjin. An ɗebi ƙwayoyin kitse daga jikinta, aka mayar da su ƙwayoyin tushe, aka sarrafa su suka zama masu yin insulin, aka dasa mata a tsokar ciki. Bayan kimanin wata biyu da rabi ta daina allura, ta kuma shekara a haka.

Wallahi duk wanda ya taɓa ganin uwa tana tsira wa ɗanta ɗan shekara bakwai allura safe da yamma ya san abin da wannan labari yake nufi. Ba mu raina shi ba ko kaɗan. Amma mu karanta sauran takardar, wadda masu tura saƙo ba su turawa.

Na farko, mutanen nan 12 ba su rabu da magani ba. Goma cikinsu sun bar insulin, amma dukansu sun koma shan magungunan danne garkuwar jiki kullum, don kada jiki ya kashe baƙin ƙwayoyin da aka zuba masa. Wanda aka danne wa garkuwa kuwa, cutar da wani zai kwana biyu ya tashi shi tana iya kai shi ƙasa. A cikin gwajin nan mutum biyu sun rasu, ɗaya da wani nau'in sanƙarau da ke kama masu raunin garkuwa, ɗayan da ciwon ƙwaƙwalwa da yake da shi tun kafin gwajin. Mu da muke zaune inda sanƙarau ke zuwa da iskar rani, zazzaɓin cizon sauro ke zuwa da damina, ga tarin fuka, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan haɗari ba. Ita ma matar Tianjin dama can tana shan irin waɗannan magunguna saboda an taɓa yi mata dashen hanta, don haka gwajinta bai nuna abin da zai faru da wanda ba ya shan su ba.

Masanan sun san wannan shi ne ƙullin, kuma a kansa suke. Vertex ya gwada sa ƙwayoyin cikin wani ɗan ƙunshi da zai ɓoye su daga garkuwar jiki, abin bai ba da insulin isasshe ba, suka dakatar da shi a 2025. A garin Uppsala na ƙasar Suwidin kuma an dasa wa wani mutum ƙwayoyin da aka gyara wa tsarin gado don garkuwa ta kasa gane su, suka rayu suna aiki ba tare da maganin danne garkuwa ba. Amma mutum ɗaya ne, ƙwayoyin kaɗan ne, kuma bai daina allura ba.

Na biyu, waɗanda aka zaɓa a gwajin Vertex masu nau'i na ɗaya ne da sukarinsu ke faɗuwa ƙasa warwas ba tare da sun ji alama ba, har su suma. Su ne haɗarin ciwon nasu ya fi haɗarin dashen. Baba mai shekara sittin a Tasawa ko Madawa da likita ya ɗora a kan ƙwayar metformin, ba shi ake nufi da wannan labari ba tukuna.

Na uku, kuɗi. Muna da abin aunawa. Shi dai kamfanin Vertex ɗin ne ya fitar da Casgevy, maganin sikila da ake yi ta hanyar gyara ƙwayoyin tushe na jinin mai ciwon, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Disamban 2023. Farashinsa dala miliyon 2.2 ga mutum guda, sama da miliyar ɗaya na sefa. Sikila ciwonmu ce, akwai ta a unguwanninmu da danginmu, yawancin masu ita a duniya a Afirka suke. An samu maganin, amma a ina? Wannan shi ke nuna mana cewa gano magani daban, isowarsa gidan talaka daban.

Insulin kansa ya ishe mu darasi. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka gano shi a jami'ar Toronto ta Kanada. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro mai shekara 14 allurar farko, ya tashi daga bakin mutuwa. Masu binciken suka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu, don kada kuɗi ya hana kowa samu. Shekara ɗari bayan haka, a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin masu nau'i na biyu da ke bukatar insulin, mutum ɗaya cikin biyu ba ya samunsa, kuma kamfanoni uku ne ke riƙe da sama da kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa. A wannan shekarar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyon 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma adadin zai kai miliyon 55 a 2045. Maganin da ya haura shekara ɗari bai gama isowa ba. Wanda har yanzu ake kan gwadawa fa?

Yanzu mu zo ga abin da ya fi tayar mana da hankali. Tun kafin maganin gaskiya ya fita daga ɗakin gwaji, sunansa ya riga ya shigo kasuwa. Ana tallan wasu ƴan fakiti na gari da wasu kwalabe a Facebook, a tarukan otel, har gida-gida, ana cewa ƙwayoyin tushe ne, suna maganin sukari, hawan jini, sankara, rashin haihuwa, komai da komai. Galibi da tsarin nan na ka saya, ka kawo mutum uku su ma su saya a ba ka kaso. Jama'a, mu yi lissafi da hankalinmu. Ƙwayar tushe abu ce mai rai. Renonta ake yi a ɗaki mai tsabtar da ta wuce ta ɗakin tiyata, ana ɗaukar makonni kafin ta zama ƙwayar beta, sannan likitoci su shigar da ita jijiya ko tsoka. Ba ta zama gari, ba ta kwana a jakar ɗan talla cikin zafin watan Afrilu. Ko da ma an haɗiye ta da rai, ciki narkar da ita zai yi kamar yadda yake narkar da nama. In kuwa suka ce daga tuffa ko inabi aka ciro, to ƙwayar itace ba ta zama gaɓar mutum.

Ko a ƙasashen da ke da tsauraran dokoki an cutar da mutane da wannan suna. A 2017 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta ba da labarin mata uku a jihar Florida da aka yi wa allurar abin da aka kira ƙwayoyin tushe a ido, a wani wurin da ke karɓar kuɗi, suka rasa ganinsu ko akasarinsa. In haka ta faru a can, ina ga nan?

Asarar jika talatin ko hamsin a kan fakitin banza da ciwo, amma ana mayar da kuɗi. Abin da ba a mayarwa shi ne in ɗan talla ya ce wa uwa ta dakatar da allurar ɗanta don maganin ya samu ya yi aiki. Yaro mai nau'i na ɗaya in ya bar insulin, cikin ƴan kwanaki jininsa zai lalace, ya fara amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama, daga nan sai suma. Babba mai nau'i na biyu kuwa a hankali abin ke cin sa: ido ya dushe, ƙoda ta gaji, ɗan gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Duk wanda ya ce wa mai ciwon sukari ya ajiye maganin likita don ya sayar masa da nasa, ya ɗauki alhakin rai, ko da kuwa shi ma yaudararsa aka yi.

Wani zai ce, to in haka ne me ya kawo maganar Harvard da Pekin a shafinmu, mu da ko na'urar gwajin sukari ba kowane gidan likita ke da ita ba? Dalili biyu. Wanda ya san yadda abin gaskiya yake, ba a sayar masa da na jabu. Sannan abin da yake tsada yau ba lalle ya dawwama a haka ba. Mun ga yadda maganin cutar sida ya tashi daga dubban daloli a shekara ya sauko har ana ba da shi kyauta a asibitocinmu, amma hakan bai faɗo daga sama ba, sai da ƙasashe da ƙungiyoyi suka yi ta matsa lamba. Ƙasar da ba ta da masu ilimin abin, ba ta da bakin magana ranar da ake yanka farashi. Muna da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram, duka suna horar da likitoci, ga cibiyar bincike ta CERMES. Yaran da ke karatun kimiyyar halittu da haɗa magunguna a waɗannan wurare su ne za su karɓi wannan fasaha in ta iso, in an ba su kayan aiki tun yanzu.

Kafin nan ga abin da ke hannunmu. Ga magabata: a 2022 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince cewa nan da 2030 a gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sukari, kuma duk mai nau'i na ɗaya ya samu insulin da abin gwajin jini a farashin da zai iya. Muna roƙon a mayar da wannan alkawari aiki. Ƙasar da ta iya tsara kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta tana iya ɗauke wa iyaye kuɗin insulin ɗin ƴaƴansu. A sa na'urar gwaji da tsinkayenta a kowane gidan likita na karkara, don sau da yawa yaro yakan zo a galabaice a ɗauka zazzaɓin sauro ne, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai nuna gaskiya. Yanzu da aka ƙulla yarjejeniyoyin haɗa insulin a Masar da Afirka ta Kudu, a nemi hanyar sayowa da rahusa. Hukumomin da ke sa ido kan magunguna da kafofin watsa labarai kuma su tsaya a kan masu tallan warkar da sukari, gidajen rediyonmu su daina sayar musu da fili.

Ga iyaye: yaron da ke yawan shan ruwa, yawan fitsari, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana ci yana ramewa, ko kuka ga tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, a kai shi a gwada jininsa ranar, kada a jira kasuwa ta ci. Ga masu allura da ba su da firji ko wutar ba ta zama: binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba suka fitar a 2021, bisa yanayin wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Zafinmu na bazara ya wuce haka, don haka a nemi inuwa, a sa kwalbar cikin abin da ruwa ba ya shiga a ajiye a sanyin tukunyar ƙasa, a kuma tambayi likita yadda ya dace. Ga mu manya kuwa, mu rage sukarin da muke zubawa a shayi da fura, mu rage lemun kwalba, mu taka da ƙafa, wanda ya haura arba'in ko yake da mai ciwon a gidansu ya riƙa gwaji ko da yana jin garau.

Masanan can suna aikinsu, muna yi musu fatan nasara, kuma duk ranar da aka samu wani ci gaba na gaskiya za ku ji shi a nan da adadinsa da iyakarsa. Wanda zai amfana da maganin da suke nema shi ne wanda ya kai lokacin da ransa, da idonsa, da ƙafafunsa biyu. In kun san wani mai ciwon sukari da ake lallaɓa ya bar allura ko ƙwayarsa, ku tura masa wannan rubutu, ko ku karanta masa in ba ya karatu. Ku kuma faɗa mana a ƙasa: a garinku nawa ake sayen kwalbar insulin, kuma ana samunta a farmasi kullum ko sai an aika Yamai?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu daga masu cin kasuwa da ciwon mutane.